Jinin Najat, Sunan Zuhuratu

Ranar Alhamis da hantsi Madam Maltiti ta buɗe fulda, ta zaro takardar da ta dawo daga ɗakin gwajin jini, ta duba, ta yi murmushi har da buga tebur.

"Zuhuratu Sidiki! Kai dai ba ka ba ni wahala koraa, ko kaɗan," in ji ta. Nas ce 'yar Dagomba, Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" take ce musu. "Ƙwayar cutar ya kwanta, mashin bai gan shi ba sam. Sojojin jikinka kuwa ɗari bakwai da sittin. Da kowa haka yake, da ni ma na yi ƙiba."

Matar da ke zaune a kan benci ta ce, "Alhamdu lillahi," amma a baki kawai. Ba Zuhuratu ba ce. Najat ce, ƙanwarta, mai kitso a unguwar Moshi Zongo ta Tamale, kuma shekara uku ke nan tana amsa sunan yayarta a wannan ɗaki, tana miƙa hannu a ɗebi jini, tana karɓar magani ta kai gida. Zuhuratun gaskiya tana can bakin titi a bayan tukunyar waakye, shinkafa da waken da take sayarwa, zane na kwance mata daga ƙugu saboda rama.

Duk wanda ya daɗe da ciwon nan mai karya garkuwar jiki ya san lambobi biyu ake dubawa. Ɗaya yawan ƙwayar cutar a cikin jini, wanda ake so ya yi ƙasa har inji ya kasa gani. Ɗaya kuma yawan ƙwayoyin da ke tsare jiki, likitoci suna ce musu CD4, nas-nas suna ce musu sojoji. Lambobin nan ba sa jira mutum ya kwanta. Tun yana cin tuwonsa yana dariya, shekara guda ko biyu kafin ya ji komai, su ne ke fara nuna cewa magani ya daina kama jikinsa, a canja masa wani. Najat ta sha jin wannan bayani, a nan da kuma wancan asibitin na wajen Tishigu inda take da tata fuldar da sunanta na gaskiya, domin ita ma tana da ciwon. Ta sha ji, amma ji irin na wanda ake yi wa wasu wa'azi a gabansa.

"Madam," in ji ta, tana murza bakin mayafi, "akwai wata maƙwabciyata. Wata uku ke nan tana ramewa. Bakinta ya yi fari a ciki, abinci ba ya wucewa sai da ƙyar, gudawa ta ƙi tsayawa. Kwanan nan kuma ta ce tana ganin baƙaƙen abubuwa suna yawo a idonta. Ko akwai maganin da zan saya mata?"

Murmushin Madam Maltiti ya tafi. "Yana da namu ciwon?"

"Ban sani ba."

"To ni na sani. Wannan mutum ne da sojojinsa suka ƙare. Ba maganin kemis ba ne. Ka kawo shi yau, ba gobe ba. Ido ɗin nan shi ya fi ba ni tsoro paa, sosai."

Najat ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya, sai wani tsoho ya leƙo yana tambaya ko an kira lambarsa. Ta rufe bakin. Ta karɓi kwalabe uku na magani, ta cusa su a ƙasan jaka, ta hau babur ɗinta, bai tashi ba sai a bugu na huɗu.

Abin bai faro da mugunta ba, daga aike ya faro. Su biyu ne a wurin uwarsu, kowacce ta kwaso ciwon a gidan aurenta, kowacce ta binne mijinta, suka dawo ɗaki ɗaya a gidan haya. Shekara shida Zuhuratu tana zuwa asibiti da ƙafarta. Sai wata rana ta tarar Azeta, 'yar layinsu, ta kafa teburin koko da ƙosai daidai ƙofar da masu karɓar magani ke shiga. Azeta ba muguwa ba ce, magana ce dai ba ta kwana a cikinta. Shi kuwa Zongo, in mai kitso ce ko mai ɗinki, sai a yi gulma a gaji a bari. Amma mai abinci, da zarar an raɗa cewa tana da ciwon nan, ko mahaukaci ba zai ƙara miƙo mata kwano ba. Mutanen da ke cin abincin da ƙuda ya gama wasa a kai, su ne za su fara tsantseni. Zuhuratu ta gani da idonta a kan wata mai tuwo, wadda ta wuni da tukunya cike har ta kwashe kayanta ta koma ƙauye.

Don haka Zuhuratu ta ce wa asibitin wai ta tashi ta koma bayan Kukuo, suka ba ta wasiƙa a rufe cikin ambulan ta kai wa na can, wato wannan da Madam Maltiti take. Ranar kaiwa wake yana kan wuta, masu saye sun fara layi, ta ce, "Najat, je ki miƙa musu, ki karɓo mini." A gidansu ƙanwa ba ta tambayar dalilin aike. Najat ta je. Mai rubutu a taga ya ce, "Ke ce Zuhuratu?" Mutane na bayanta suna matsa ta, kati kuma ba hoto a kansa sai lamba, ta ce, "E," don kada a tsaya dogon bayani. Sai aka ce sabon zuwa dole a ɗebi jininsa yau. Najat ta lissafa a ranta. Uwa ɗaya ta haife su, ciwo ɗaya, ƙwaya iri ɗaya suke haɗiya kowace safiya, tukunya ɗaya suke ci. Me zai bambanta? Ta naɗe hannun riga. Da ta koma gida ta ba da labari, Zuhuratu ta yi dariya har da hawaye, ta ce dama ita allura ba ƙawarta ba ce. Tun daga ranar asibitin bai san wata Zuhuratu ba sai Najat.

Wannan Alhamis ɗin, da Najat ta iso Moshi Zongo azahar ta kusa. Ta tarar da Latif mai gyaran babura tsaye gaban teburin yayarta, ya buɗe ganyensa, an zuba masa shinkafa da wake da taliya, yana jiran yaji. Zuhuratu ta ɗebo shito, soyayyen yajin nan baƙi, a cokali, ta zuba shi a hankali, a kan katakon tebur, tazarar tafin hannu daga ganyen.

"Hajiya Zuhura, tebur ɗin ma kwastoma ne?" in ji Latif yana dariya.

"Kai ne ka janye hannu, ɗan nema," in ji ta, ita ma da dariya. Ta laluba, ta sake ɗebowa.

Najat ba ta yi dariya ba. Ta jira ya tafi, ta kama hannun yayarta ta ja ta cikin gida. Hannun duk ƙashi ne, da zafi kamar an ɗauko shi daga bakin murhu.

"Yaya Zuhura, yau za mu asibiti. Ke da kanki."

"Me takarda ta ce?"

"Takarda ta ce lafiyata lau. Ni. Jinina ne, Yaya, ba naki ba."

"To ba ina shan maganin ba? Wallahi ban taɓa tsallake rana ba, ke shaida ce."

Gaskiya ta faɗa, kuma wannan ne ya fi tayar wa Najat hankali. Kullum bayan sallar asuba tare suke haɗiya, da ruwan randa ɗaya. In da sakaci ne, da an san abin da za a gyara.

"Nas ta ce magani yakan daina kama mutum ko yana sha. Jini ne ke nunawa. Naki kuwa shekara uku ba wanda ya gan shi."

"Nas! Kin gaya mata?" Idon Zuhuratu ya fito.

"Ban gaya ba."

"To kada ki soma. In suka gane, ni da ke duka za su hana mu magani, su kira mu maƙaryata a gaban jama'a. Kuma a ga an shiga da ni wannan ƙofa? Wa zai ƙara cin abincina? Basir ne da shawara, o. Ki samo mini sassaƙe wajen mai magani, zai wuce." Ta gyara ɗaurin zane, ta koma bakin titi tana dafa bango.

Najat ta samo sassaƙen, saboda an aike ta. Ta samo maganin wanke baki a kemis, ta karɓo rubutu wajen malamin masallacinsu ba tare da ta faɗi sunan ciwo ba. Ranar Juma'a Zuhuratu ta kasa haɗiye koko. Ranar Asabar, karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya, ba a hura wuta a ƙarƙashin tukunyar waakye ba, masu saye suka yi ta sallama a ƙofa Najat tana ce musu maleriya ce. Ranar Lahadi da rana tsaka Zuhuratu ta rufe idon dama da tafin hannu, ta juya kai hagu da dama, ta ce a hankali, "Najat, na hagun nan ya ɗauke." Ta faɗe shi kamar tana ba da labarin wutar lantarki.

Tsoro ya kama Najat irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka ce mata ita ma tana da ciwon. Ran nan kanta kawai take ji wa tsoro. Yau kuwa matar da ta goya ta, ta yi mata kitson farko, ta sayar da 'yan kunnenta ta saya mata kujerar kitso, ita ce ke narkewa a kan tabarma, kuma Najat ta san da hannunta a ciki.

Litinin tun kafin a buɗe taga tana bakin asibiti. Ba ta bi layi ba. Ta faɗa ɗakin Madam Maltiti, ta durƙusa a kan siminti.

"Dasiba," in ji nas ɗin da mamaki, gaisuwar safiya ta Dagomba. "Zuhuratu, yau ba ranarka ba ne."

"Madam, ba sunana ba ne. Sunana Najat. Zuhuratu yayata ce, ita ce maƙwabciyar da na ce miki. Tun daga ranar farko ni nake zuwa. Jinin nan duka nawa ne."

Madam Maltiti ta tashi ta tura ƙofa, ta murza makulli, ta dawo ta zauna. Najat ta zayyana mata komai, tun daga teburin Azeta har zuwa idon hagu, tana kuka tana share majina da mayafi. Ta jira a zage ta. Da an zage ta ma da ta ji sauƙi.

Nas ɗin ta ɗauko fuldar, ta wuce takardun sama, ta je can ƙarshe inda aka maƙale wata tsohuwar wasiƙa da ta fara ja.

"Ka san wannan?"

"Ita ce na kawo ranar farko."

"Ka karanta?"

"A rufe take. Kuma Turanci ne."

"To bari in karanta maka." Muryarta ta yi sanyi, ta bi layi-layi da yatsa tana juyawa da Hausa. "Ƙwayar cuta ya fara tashi, ya kai dubu huɗu. Sojoji sun sauko daga ɗari shida zuwa ɗari huɗu da goma. Da alama magani ya fara ƙin kama shi. A sake gwaji da zarar ya zo, in bai sauka ba a canja magani." Ta ɗago. "Sun gani, Najat. Tun shekara uku suka gani, yayarka yana da ƙiba yana sayar da abincinsa. Shi ya sa muka ce a ɗebi jini ranar. Jininka ya ce komai lafiya. Na yi murna. Duba nan, da hannuna na rubuta cewa matsala ya wuce."

Najat ta dubi rubutun, shuɗin biro, da layi biyu a ƙarƙashinsa. Ashe gargaɗin a jakarta ya hau babur, ita ta kawo shi har taga, ita kuma ta goge shi kafin azahar. Ihu ya taso mata, ta danne shi da hannu biyu saboda mutanen da ke bayan ƙofa.

"Sau biyar na ɗebi jininka da sunansa," in ji Madam Maltiti, yanzu kam da fushi, tana ƙirgawa a takardun. "Sau biyar! Ko ɗaya a ciki da nasa ne, da ƙwaya kawai za mu canja, ya koma bakin tukunyarsa. Ni kuma ina nan ina yabon ka kamar sakara. Ku mutanen Zongo, kunya zai kashe ku." Ta ja numfashi. "Ba wanda zai hana ku magani. Tashi. Kuka ba ya ɗauko mutum. Je ka kawo shi yanzu, ko a kai ne."

Najat ta bar babur a asibiti, ta tsayar da yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, ta ce masa Moshi Zongo, ya shiga lungu har ƙofar gida. Ƙarfe goma ne na safe, lokacin da duk wata mace a layin take waje, wannan na wanki, wannan na tsince shinkafa, wannan ba ta yin komai sai kallo.

"Na gaya musu," ta ce wa Zuhuratu. "Tashi."

"Kin kashe ni, Najat."

"Na riga na yi, tun shekara uku. Tashi."

"Ba inda za ni. Ki bari sai magariba, in mutane sun shige."

"Yanzu."

"Ni kike ce wa yanzu? Ni na goya ki!"

Najat ba ta taɓa ƙin maganar yayarta ba, ko a kan gishirin miya. Ta durƙusa, ta juya baya, ta jawo hannayen Zuhuratu ta ɗora a kafaɗunta, ta miƙe da ita. Ta shirya wa nauyi, sai ta ji ba nauyin, har ta kusa faɗawa gaba. Zuhuratu ta buge ta a ƙeya sau biyu, duka marar ƙarfi, sannan ta jawo mayafi ta rufe fuskarta ruf, ta raɗa mata a kunne, "To ki ce maleriya ce. Don Allah, Najat, ki ce maleriya."

"Maleriya ce," in ji Najat ga matan layi, ba tare da ta dubi kowa ba. Suka ce Allah ya sawwaƙe, suka bi keken da ido har ya sha kwana.

Mai ɗibar jini ya sha wahala kafin ya samu jijiya. Ya soka nan, ya soka can, Zuhuratu ta kau da kai tana salati, Najat na riƙe da hannun. Jinin ya fito a hankali, baƙi-baƙi, ya cika 'yar kwalba. Aka ce lambar ƙwayar cuta sai an aika babban asibiti, za ta ɗauki kwanaki, amma ta sojoji za ta fito yau. Suka jira a kan gadon da ke bayan labule har bayan azahar.

Likitan da ya shigo da takardar, Dokta Majeed, mutum ne siriri mai furfura a gemu, ba ya ɗaga murya. Ya haska bakin Zuhuratu da 'yar tocila, ya saurari ƙirjinta, ya daɗe yana leƙa idanunta ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya kira Najat waje.

"Goma sha tara," in ji shi.

"Ɗari da goma sha tara?"

"Goma sha tara. In mutum ya sauka ƙasa da ɗari biyu muna tashi tsaye. Ƙasa da hamsin, duk wata ƙaramar cuta da ke kwance a jiki sai ta farka, don ba mai hana ta. Ɗaya tana maƙogwaronta, ɗaya a hanjinta, ɗaya kuma tana cin bayan idonta. Na hagu ya tafi, ba ya dawowa. Na dama ta fara taɓa shi daga gefe."

"Za ta rayu?"

"Ba zan yi miki alkawari ba. Za mu kai ta babban asibiti yau, a fara kashe waɗannan, sannan a sa ta a sabon magani. Sojoji kuwa ba sa dawowa da gudu. Wata-wata suke taruwa."

Najat ta kama hannun rigarsa, abin da ba ta taɓa yi wa namijin da ba nata ba. "Dokta, ni ina da ɗari bakwai da sittin. Ku ɗebi rabi ku sa mata. Ku ɗebi duka. Ai kuna ƙara wa mutane jini, na gani. Jinin ba nawa ba ne dama, da sunanta aka rubuta shi."

"Ba a yi haka, 'yar'uwa."

"Ku gwada mana! Me za ku rasa?"

Ya zare hannunsa a hankali. "Naki ba za su zauna a jikinta ba. Dole nata jikin ya yi nasa." Ya tafi, ya bar ta tsaye a baranda tana kallon hannunta, mai tsoka, mai jijiyoyi raɗa-raɗa da kowane mai allura ke yabo. Ba ta taɓa tsanar wani abu ba kamar yadda ta tsani lafiyarta a wannan lokaci.

A babban asibiti aka ba su gado kusa da taga a ɗakin mata. Najat ta rufe shagon kitso, ta shimfiɗa tabarma a ƙasa. Ta koyi goge bakin yayarta da auduga, ta koyi ƙirga ɗigon ruwa, ta koyi gane takun likita daga na masu shara. Maganin idon babu shi a Tamale, sai da aka aiko daga kudu, kwana shida yana hanya, kowace safiya tana zuwa tagar masu magani tana tambaya har suka daina ɗago kai in sun ji muryarta. Da lambar ƙwayar cutar ta fito, dubu ɗari huɗu da wani abu, Najat ba ta ma iya riƙe ta a ka ba. A rana ta biyar zazzaɓi ya hau, Zuhuratu ta yi ta kiran uwarsu tana cewa a sauke wake kada ya kama. A ta bakwai matar da ke gadon kusa ta cika, aka naɗe ta a zane aka fita da ita, Najat ta tsaya tsakanin gadajen biyu ta buɗe mayafinta don kada yayarta ta gani.

Wata la'asar da hankalin Zuhuratu ya dawo, ta lalubo hannun ƙanwarta.

"Ki daina kukan nan, ina jin ki. Ni na aike ki."

"Aike kika yi ni in kai takarda. Ba ki ce in ba da jini ba."

"Na yi dariya, ai."

"Ni na sha jin bayanin, Yaya. Sau nawa ana yi a gabana."

"To mu raba, ke rabi ni rabi. Ba ni ruwa."

Najat ta ba ta ruwan, amma ba ta yarda da rabon ba. Kullum sai ta ɗaga yatsu a gaban idon dama ta ce nawa ne, Zuhuratu ta ce biyu, ko uku, wani lokaci daidai, wani lokaci ta ce a ƙyale ta ta gaji da makaranta.

A rana ta goma sha shida Dokta Majeed ya zo dubiya daga can asibitinsu. Ya daɗe a wajen likitocin ɗakin, sannan ya samu Najat a bakin famfo tana wanke kwano.

"Zazzaɓi ya sauka kwana uku ke nan," in ji shi. "Tana haɗiye tuwo. Gudawa ta tsaya. Jiya sun fara ba ta sabon maganin, jikinta bai ƙi ba. Har yanzu da sauran tafiya, amma ina ganin za ta tashi."

Kwanon ya suɓuce daga hannunta. Ba ta tsaya ɗauka ba, ba ta tsaya godiya ba, ba ta tsaya ta ji ko yana da sauran magana ba, ko da yake ta ga ya buɗe baki. Ta kwasa da gudu, silifa ɗaya ya fita, ta ratsa baranda tana "Alhamdu lillahi" da ƙarfi har wata nas ta daka mata tsawa.

Zuhuratu tana zaune, an jingina ta da filo, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan cinyarta. Ta ji takun, ta juyo da fuska tana murmushi.

"Yaya! Dokta ya ce za ki tashi! Ya ce za ki tashi!"

"Na ji a jikina. Ke kuwa tsaya in dube ki. Kai, Najat, kin rame, sai ka ce ke ce marar lafiyar." Ta yi 'yar dariya. "Amma shuɗin mayafin nan ya yi miki kyau."

Mayafin da ke kan Najat ja ne. Idanun Zuhuratu kuwa, a buɗe tar, cike da fara'a, suna kan ƙarfen rataye ledar ruwa da ke tsaye a gefen gado.

Najat ta cire ɗayan silifan don kada ya yi ƙara. Ta yi taku biyu zuwa hagu, a hankali, ta tsaya a gaban ƙarfen, daidai inda idanun suke.

"Na gode, Yaya," in ji ta.